Kwana 90 da aka rufe farautar koyoti a Mishigan: wa aka hana, wa aka bari

Ranar 14 ga Maris, 2024, Hukumar Albarkatun Ƙasa ta jihar Mishigan a Amurka, mai tsara dokokin farauta a jihar, ta zauna ta kaɗa ƙuri'a. Mutum huɗu suka amince, biyu suka ƙi. Abin da aka zartar shi ne: daga 16 ga Afrilu zuwa 14 ga Yuli babu farautar koyoti a faɗin jihar. Kwana 90 ke nan cif. Kafin watan ya ƙare an maka hukumar a kotu har wuri biyu, kuma mafarauta ne suka kai ƙarar. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, shawarar rufewar ma daga cikin mafarauta ta fito.

Koyoti ɗan uwan dila ne, sai dai ya ɗan fi shi jiki, bai kuma kai kyarkeci ba. Wanda ake samu a Mishigan yakan kai kilo 11 zuwa 18. Wayon da muke jingina wa dila, shi ma an san shi da shi. Asalinsa filayen ciyawa na tsakiya da yammacin Amurka ta Arewa ne, amma da aka sare dazuzzuka aka yi gonaki, aka kuma kusan ƙarar da kyarkeci wanda shi ne ke taka masa birki, sai ya bazu har gabar tekun gabas. Yau babu ɗaya daga gundumomi 83 na Mishigan da ba shi a ciki, har unguwannin birnin Ditiroyit. Yana cin ɓera da zomo da 'ya'yan itace da mushe, in ya samu sarari ya ɗauki ɗan tunkiya ko kaza ko kyanwar gida.

Lissafin haihuwarsa shi ne gindin rigimar. Yana barbara tsakanin Janairu da Maris, ciki ya yi kwana 60 da 'yan kai, a haifi kwiyakwiyi a rami cikin Afrilu ko Mayu, yawanci huɗu zuwa bakwai. Uwa da uba duka ke ɗawainiyarsu. Makonnin farko uwar ba ta cika nisa da ramin ba, uban ke kawo abinci. In aka harbe uwar a Mayu, 'ya'yan na nan a rami har yunwa ta ƙarasa su.

Yadda aka zo nan

Shekara da shekaru dokar Mishigan ta san da wannan. Ana buɗe farautar koyoti 15 ga Yuli, a rufe 15 ga Afrilu. A 2016 hukumar ta ɗage rufewar, farauta ta koma shekara zagaye, ba kuma iyaka ga yawan da mutum zai kashe. Lokacin an fito daga hunturu masu tsanani da suka yi wa barewa ɓarna a yankin arewacin jihar, mafarautan barewa suna ta ƙorafi, manoma ma haka, mutanen gari kuma suna kukan ganin koyoti a bayan gida. An yi fatan in aka sake wa mafarauta mara, za a rage shi.

Bayan shekara takwas, alƙaluman Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta jihar suka nuna yawan koyotin da ake kashewa a shekara bai yi wani tashi na a zo a gani ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san sana'ar. Koyoti a lokacin sanyi ake nemansa, sa'ad da gashin fatarsa ya cika yana da kuɗi, ƙanƙara ta rufe ƙasa sawunsa na bayyana, yunwa kuma na sa ya amsa kiran na'urar da ke kwaikwayon kukan zomo. A Mayu da Yuni fatar ta zube ba mai saye, ciyawa ta yi tsawo, sauro ya cika daji. Kaɗan ne ke fita. Mu ma a nan farautar gayya sai da rani bayan an kawar da amfanin gona. Ba wanda ya taɓa buƙatar takarda kafin ya san damina ba lokacinta ba ce.

To in ba a kashe da yawa a waɗannan watanni, mene ne na rufewa? Kuma in rufewar ba ta rage komai ba, mene ne na zuwa kotu? Kowane ɓangare ya ɗauki wannan alƙalami guda ya mai da shi hujjarsa.

Masu neman a rufe sun fito ne daga wani zauren tuntuɓa da ma'aikatar ke tarawa na masu tarko da masu farautar dabbobin da ake nema don fatarsu, kuma ƙungiyoyin masu farauta da karnuka na cikin waɗanda suka fi tsayawa a kai. Maganarsu ita ce: ranar da hoton kwiyakwiyin da suka mutu da yunwa a rami ya zagaya Facebook, ba farautar watanni uku kaɗai za a rasa ba. A Mishigan jama'a na iya tara sa hannu su kai batu akwatin zaɓe, kuma an sha yi. A 1996 an kaɗa ƙuri'a kan hana farautar dabbar beyar da karnuka da koto. Mafarauta suka yi nasara, amma sai bayan sun kashe kuɗi da lokaci. A 2006 masu zaɓe suka yi fatali da farautar kurciya da kusan kashi 69 cikin ɗari. A 2014 suka ƙi dokoki biyu da suka shafi farautar kyarkeci. A Disambar 2023, wata uku kafin wannan zama, gwamnar jihar New York ta sa hannu kan dokar hana gasar kashe namun daji don cin kyauta, gasar da galibi kan koyoti ake yin ta. Gemun maƙwabci ya kama da wuta, suka ce bari su shafa wa nasu ruwa.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a nan, ko da bai yi wa masu karnukan daɗi ba. Ko a shekarun da farauta ke buɗe shekara zagaye, doka ba ta yarda a saki karnuka kan koyoti daga 16 ga Afrilu zuwa 7 ga Yuli ba, saboda lokacin haihuwar namun daji ne. Wato abin da suka miƙa don a zauna lafiya, ba daga aljihunsu ya fita ba. Masu kiran koyoti da na'ura su harbe da bindiga, su ne suka biya. Ba mamaki da ƙungiyarsu ta ji an yi kyauta da kayanta.

Ma'aikatar ita kanta ba ta ɗauki ɓangare ba. Ta gaya wa hukumar cewa ko an rufe ko an bari, yawan koyoti a jihar ba zai canja ba.

Mai gona fa?

Nan ne aka fi yin ruɗani, har wasu suka riƙa magana kamar an ɗaure hannun makiyayi an bar garkensa ga koyoti. Ba haka dokar ta ce ba. Amma kafin a gane abin da ta ce, sai an san wata ƙa'ida da ke ƙarƙashin dokokin farauta na Amurka duka: ƙasa ta mai ita ce, amma naman dajin da ke yawo a kanta amana ce a hannun jiha a madadin jama'a. Barewar da ta kwana a gonarka ba taka ba ce. Kana da ikon hana kowa shiga ya harbe ta, amma kai ma ba ka harbinta sai lokacin da jiha ta buɗe, da lasisin da ta sayar maka. Koyoti ma haka, shi ya sa rufewar ta 2024 ta shafi filayen gwamnati da na masu zaman kansu baki ɗaya.

Sai dai an bar ƙofa ɗaya, kuma tana nan tun kafin 2016. Mai fili, ko wanda ya wakilta, yana iya kashe koyoti a cikin filinsa kowace rana ta shekara, ba lasisi ba takardar izini, matuƙar dabbar tana yin ɓarna ko tana wurin da ɓarnar ke gab da aukuwa. Ƙuri'ar watan Maris ba ta taɓa wannan ba ko da harafi. A 2023 ma hukumar ta faɗaɗa wannan ƙofa, ta ƙara wasu ƙananan dabbobi, irin su zomo da kurege, cikin jerin waɗanda mai fili zai iya kawarwa ba tare da neman izini ba.

A ɗauka ga makiyayi da tumaki ɗari suna haihuwa a Mayun 2024, lokacin da farauta ke rufe. Da asuba ya leƙa ya ga koyoti na bin shingen garke. Ya ɗauki bindiga ya harbe shi, doka na bayansa. In shi ba maharbi ba ne, ya kira maƙwabcinsa ya wakilta shi, nan ma daidai. Amma a ce koyotin yana can ƙarshen gonar masara, nesa da kowace dabba, yana farautar ɓera abinsa. Ko a ce makiyayin ya san ramin yana cikin dajin gwamnati da ke bayan shingensa, ko a gonar wani. Nan ƙofar ta rufe. Ba zai bi shi can ba sai 15 ga Yuli.

Ƙorafin da na ga yana da nauyi shi ne na wannan tazara. Kalmar “gab da aukuwa” ba ta da mita ba ta da minti. Jami'in kula da namun daji ne zai duba ya yanke, in ta kai ga kotu alƙali ya duba. Makiyayin da ya yi asarar 'ya'yan tumaki uku a mako ɗaya yana ganin duk koyotin da ya gifta filinsa ɓarawo ne. Wanda aka wakilta kuwa, wanda sau da yawa maharbi ne da ke zuwa daga gari da dare, shi ne zai yi ta tunanin ko zai iya kare kansa in aka tare shi. A lokacin da farauta ke buɗe, lasisin dala 11 na ɗan jiha ya ishe shi, ba mai tambayarsa dalili. Da aka rufe, sai ya zama dole ya iya nuna dalili. Wasu sai su ce a kai kasuwa, su zauna a gida.

Bincike kuma ya ba makiyayin wata hujja mai ɗaci. A farkon shekarun 1980 wasu masu bincike biyu, Till da Knowlton, sun bi diddigin garkunan tumaki a jihar Wayomin. Suka gano cewa in aka kawar da iyayen koyoti da 'ya'yansu, kisan tumaki yakan kusan tsayawa cak. In ma 'ya'yan kaɗai aka kawar aka bar iyayen, kisan yakan faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Daga baya aikin da aka yi a tashar bincike ta Hopland a Kalifoniya ya nuna cewa mafi yawan tumakin da ake kashewa, ma'aurata masu riƙe da yanki ne ke kashe su, ba kowane koyoti mai wucewa ba. Ma'anar wannan a fili take. Koyotin da ya fi yi wa makiyayi ɓarna a Mayu shi ne mai bakuna biyar ko shida suna jiransa a rami. Wanda dokar ta ba mai gona damar harbewa, sau da yawa shi ne ainihin wanda aka rufe farauta don a tausaya wa 'ya'yansa. Dokar ba ta hana kwiyakwiyi zama marayu ba. Ta dai ce kada a yi haka don nishaɗi.

Wannan binciken yana da wani gefe da masu neman farautar shekara zagaye ba su cika ambata ba. In ma'aurata ƙalilan ne ke ɓarnar, harbin koyoti barkatai a daji mai nisa ba ya kare garken kowa. Tun 1975 Connolly da Longhurst na Jami'ar Kalifoniya suka yi lissafin da har yau ake kafa hujja da shi: sai an riƙa kashe kusan kashi uku cikin huɗu na koyoti kowace shekara, shekara hamsin a jere, kafin a ga bayansa. In aka rage su, abinci ya yalwata ga sauran, mata su haifi da yawa, 'ya'ya da yawa su rayu, baƙi su shigo su cike gurbi. Gwamnatin tarayyar Amurka da kanta tana kashe dubun-dubatar koyoti kowace shekara ta hannun wani sashe na ma'aikatar noma, aikin da ke da doka tun 1931, amma yau dabbar ta fi yaɗuwa fiye da ranar da aka fara. Shi ya sa makiyaya da yawa suka koma ga shingen lantarki, da manyan karnukan gadi masu kwana cikin garke, da killace tumaki lokacin haihuwa. Wasu jaki suke sawa a garke, domin jaki ba ya shiri da duk wani dangin kare, da cizo da harbi yake korarsa.

Mai fili a Mishigan yana da wasu haƙƙoƙin da ba su da alaƙa da buɗewa ko rufewa. Ba mai shiga gona ko dajin da ke haɗe da gona don farauta sai da izininsa, ko ya kafa alama ko bai kafa ba. Ba a farauta da bindiga cikin ƙafa 450, kimanin mita 137, daga gidan da mutane ke ciki sai da rubutaccen izinin mai shi. Mai karen da ya ɓace yana iya shiga da ƙafa, ba bindiga, ya ɗauko karensa ya fita, sai fa in an riga an hana shi. Wannan saɗara ta sha haɗa manoma da masu karnuka faɗa, tunda kare bai san iyakar gona ba. Kuma a ƙarƙashin wata doka ta 2012, jiha na biyan diyyar dabbar kiwo da koyoti ko kyarkeci ko zakin dutse ya kashe, da sharaɗin a kai rahoto cikin awa 24 da ganin gawar, jami'ai su zo su tabbatar. Wahalar ita ce ɗan tunkiyar da aka ɗauke gaba ɗaya ba ya barin gawa.

Sai kuma hatsarin kuskure. A Janairun 2024 wani maharbi da ya fita neman koyoti a gundumar Calhoun, can kudancin jihar, ya harbe wata dabba mai nauyin kusan kilo 38. Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna kyarkeci ne, a yankin da aka yi fiye da shekara ɗari ba a gan shi ba. Kyarkeci na ƙarƙashin kariyar dokar tarayya, kuma ƙidayar 2024 ta samu aƙalla 762 a yankin arewacin jihar. Damar da mai gona ke da ita kan koyoti ba ta kai kan kyarkeci ba, ko da tunkiyarsa na bakinsa. Manomin arewa da ya ga inuwa a bakin shinge da dare sai ya tabbatar da abin da yake gani kafin ya ja kunama.

A gaban alƙali

Ƙungiyar Michigan United Conservation Clubs, wadda aka kafa a 1937 kuma ita ce babbar inuwar mafarauta da masunta a jihar, ta shigar da ƙara a gundumar Ingham inda babban birni Lansin yake. Ƙungiyar masu tarko da masu kiran namun daji ta shigar da tata a gundumar Mackinac. Daga baya aka haɗe su a Ingham.

Ba su tsaya kan tumaki ko barewa ba. Sun kafa ƙararsu kan wata doka da masu zaɓe suka amince da ita a 1996, a ranar da aka kayar da yunƙurin hana farautar beyar. Dokar, wadda aka sani da Shawara ta G, ta damƙa wa hukumar, mai mambobi bakwai da gwamna ke naɗawa, ikon tsara farauta ita kaɗai, tare da umartarta da ta bi ingantaccen ilimin kimiyya iyakar iyawa. Mafarauta ne suka yi fafutukar kafa ta, don kada ra'ayin 'yan birni ya riƙa yanke musu hukunci. Masu ƙara suka ce: ga shi hukumar da bakinta ta nuna tsoron abin da jama'a za su ce ne ya sa ta rufe, in aka bar wannan ya wuce, gobe sai tarko, jibi sai karnuka.

A ganina sun taɓo gaskiya, amma sun ɗora wa kimiyya kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Kimiyya ta ce 'ya'yan koyoti na dogara da iyayensu daga Afrilu zuwa Yuli. Ta ce farautar waɗannan watanni ba ta rage yawansa. Ta ce koyoti na kan gaba cikin masu cin 'ya'yan barewa a arewacin jihar, kamar yadda dogon binciken da ma'aikatar ta yi tare da Jami'ar Jihar Misisipi ya nuna, ta kuma ce tsananin hunturu da ƙoshin uwar barewa su ma suna da babban hannu a yawan da ke rayuwa. Duk wannan gaskiya ne a lokaci guda. Amma ko ya dace a bar kwikwiyo ya mutu da yunwa don wani ya samu fita daji a Yuni, wannan tambaya ba ta da amsa a ɗakin gwaji. Buɗewar 2016 ita ma, in za a faɗi gaskiya, kukan jama'a ne ya kawo ta. Bambancin kawai waɗanda suka yi kukan.

A Yunin 2025 kotun ta yanke cewa hukumar ba ta saɓa doka ba, rufewar ta tsaya. A lokacin an riga an rufe bazarar 2024, ana cikin ta 2025. Ana tsammanin magana ta mutu, ashe tsugune ba ta ƙare ba. 'Yan majalisar jiha suka gabatar da ƙudurorin mayar da farautar shekara zagaye ta hanyar doka, abin da in ya tabbata zai zama majalisa ta karɓe aikin da dokar 1996 ta ba hukumar. Ƙungiyoyin mafarauta suka ci gaba da cika zauren taronta wata bayan wata. A Agustan 2025, wata biyu bayan ta yi nasara a kotu, hukumar ta zartar da ƙuduri cewa za ta sake buɗe hanyar kashe koyoti a duk tsawon shekara kafin bazara ta gaba ta zagayo.